Darasi na Tara: Yadda Kwamitin Unguwa Zai Kai Kukan Yaro Gaban Hukuma

A sakatariyar ƙaramar hukuma akwai sashen walwalar jama'a. Jami'ansa ne ke duba lamarin marayu, da jariran da aka yasar, da rikicin ciyarwa bayan mutuwar aure. A matakin jiha kuma Ma'aikatar Harkokin Mata ce ke riƙe da wannan aiki. Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya, wadda aka kafa a 2003, ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne, kuma jihohi suna da nasu dokokin. Kano ta sa hannu a kan tata a 2023. Sai dai doka ba ta zuwa gida da ƙafarta. Sai an sami wanda ya ɗauki maganar ya kai, ya kuma bi sawunta.

Haɗa kwamiti

Mutum biyar zuwa bakwai sun isa. A sa mata aƙalla biyu, domin akwai maganar da yarinya ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba, kuma mata ne ke shiga cikin gidaje. Ungozoma da malamin makaranta suna da amfani ƙwarai. A sanar da mai unguwa da liman tun ranar farko, kada su ji a bakin wani.

A sayi littafi ɗaya mai kauri. Kowace magana a ba ta lamba, a rubuta kwanan wata, da shekarun yaron, da abin da aka gani da ido. A rubuta "akwai shatar bulala huɗu a bayansa", kada a rubuta "kishiyar uwarsa muguwa ce". Na farko shaida ce, na biyu zargi ne, kuma zai iya jawo wa kwamiti ƙara. Sunan yaro ya tsaya a wurin magatakarda shi kaɗai.

Wace magana, wace ƙofa

Fyaɗe ba ya jiran taron kwamiti. Asibiti ake fara zuwa, a ranar. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shansa cikin awa 72, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Kada a yi wa yarinyar ko yaron wanka kafin likita ya duba, kada a wanke tufafin. A naɗe su a takarda mai tsabta, ba a leda ba, saboda leda tana riƙe danshi ta ɓata shaida. Daga asibiti sai ofishin 'yan sanda, sannan a sanar da jami'in walwala. A nan ne aka fi yin kuskure: dangi su ce a rufa asiri, a yi sulhu a zaure, a karɓi kuɗin magani. Wanda aka rufa wa asiri yakan sake, galibi a kan wani yaron unguwar. Kada kuma kowa ya riƙa sa yaron maimaita labarin. Sau ɗaya ga wadda ya yarda da ita ya isa.

Yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 da ya rame, a kai shi a auna damtsensa. Idan awon bai kai santimita 11.5 ba, wato ya faɗa a jan launi na ma'aunin, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, tamowa ce mai tsanani, sai cibiyar lafiya.

Uban da ya daina ciyar da 'ya'yansa bayan saki, a fara da dattawan dangi, sai ofishin walwala ko Hisba inda take. In ya ƙi, uwa tana da damar zuwa kotu, kuma Hukumar Ba da Agajin Shari'a tana taimaka wa marasa hali da lauya. Idan an ɗauki yarinya aikatau zuwa wani gari aka daina jin ɗuriyarta, hukumar NAPTIP ce ke bin sawun safarar mutane. Takardar haihuwa kuwa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke bayarwa. Katin asibiti ba ya maye gurbinta.

Idan matsalar ta yara da yawa ce

Littafin kwamitin zai nuna muku abin da ke maimaita kansa. Idan yara goma sun bar makaranta saboda rufin aji ya yaye, gyaran yana hannun hukuma. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole, don haka haƙƙi kuke nema.

Ku rubuta takardar koke shafi ɗaya, da buƙata ɗaya tak. Takardar da ta haɗa rijiya da asibiti da hanya da makaranta, durowa take kwana. Ku faɗi wurin, da adadin yaran, da abin da kuke so a yi, da lokacin. Ku yi kwafi biyu, a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan naku. Ba tare da wannan hatimin ba, gobe za a ce takardar ba ta iso ba. Mutum uku su je, kowa ya san abin da zai faɗa, a tafi da kansilan mazaɓa in ya yarda. Bayan mako biyu a koma, a tambayi teburin da takardar take.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Shekarar kuɗi ta gwamnati tana farawa ne a Janairu, ana kuma tsara kasafi a watannin da suka gabace ta. Buƙatar da ke cin kuɗi ta isa tun kafin damina ta ɗauke.

Gidan rediyo shi ne mataki na ƙarshe, bayan an bi ofis an gaji, kuma da takarda mai hatimi a hannu. Hoton yaro ko sunansa kada ya hau Facebook ko da da niyyar neman taimako ne, domin shi zai girma da tabon. Kwamiti ya kuma nisanci tutar jam'iyya, don shugaban ƙaramar hukuma yana canjawa.

Aikin gida

Rubuta takardar koke mai layi shida zuwa ga shugaban sashen walwalar jama'a, a kan matsala ɗaya da ta shafi yaran unguwarku. Ja layi a ƙarƙashin buƙatar, sannan ka karanta wa ajin a zama na gaba.