Kurakuran da masu fara kiwon kifin ado suke yi wajen zaɓen kifi

A cikin wata biyun nan mutum huɗu ne suka turo mini hoton kifi a mace, ya taso saman ruwa, kuma tambayarsu ɗaya ce: "Malam, me ya faru? Wallahi kullum sai na ba su abinci." Tun kafin in buɗe hoton na san abin da zan gani: tulun gilashi wanda bai fi tukunyar miya ba, da jan kifin nan golfish uku ko huɗu a ciki. Na gaji da maimaita amsa ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Golfish shi ne kifin da kowa yake fara saya, don yana da kyau ga araha, amma sam bai dace da ƙaramin akwatin gilashi na kiwon kifi ba. Asalinsa daga ƙasar Sin ne, inda aka fi shekara 1,000 ana kiwonsa. Wanda ka gani a leda kamar ɗan yatsa jariri ne. Mai dogon jikin yana kai santimita 25 zuwa 30, kuma idan ya samu kulawa yana yin shekara 10 zuwa 15 a raye. Ga ci, ga yawan kashi. Sannan kifin ruwan sanyi ne, ya fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 23. Mu kuwa a Kano zafin watan Afrilu yana kai digiri 40, ruwan da ke ɗaki sai ya yi ɗumi kamar na wanka, kuma duk lokacin da ruwa ya yi ɗumi iskar da kifi yake shaƙa a cikinsa raguwa take yi.

Ni ma ta nan na fara, kuma har yau abin yana ci mini rai. Na saya wa 'yata guda huɗu da tulunsu. Na tambayi mai sayarwa ko ba su yi yawa ba, ya ce, "Haba Alhaji, ai kifi daidai mazubinsa yake girma." Da bazara ta kankama aka ɗauke wuta kwana biyu. Da safe yarinyar ta ja rigata tana cewa, "Abba, me ya sa suke hamma?" Na leƙa na ga dukkansu a saman ruwa suna buɗe baki suna rufewa, ga wasu jajayen zane a jelarsu. Cikin kwana uku babu wanda ya rage. Ta daɗe ba ta son kallon kusurwar da tulun yake. Maganar nan ta mazubi ƙarya ce, ku daina yaɗa ta. Kifin da aka matse a ruwa mai datti tsumburewa yake yi, ya mutu tun bai kai ko'ina ba. Dabba ce da ka ɗauko da hannunka ka tsare, haƙƙinta yana wuyanka. Idan ba ka da akwatin da ya haura lita 100 da ɗaki mai sanyi, ka bar golfish a shago.

Yawancin mutane ma ba su san litar akwatinsu ba. Auna tsawo da faɗi da zurfi da santimita, ka ninka su, ka raba da 1,000. Akwati mai 60 da 30 da 30 lita 54 ke nan, wato jarkar mai ga-ruwa biyu da ɗan ɗori.

Kuskure na biyu da ya ci mini kuɗi shi ne gaggawa: a sayi akwati da safe, a cika shi da kifi goma sha biyar da yamma. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama sinadarin amoniya, guba ce, kuma ido ba ya ganinta. Ruwa zai yi garau kamar na sha alhali yana ƙona kifin. Abin da yake karya wannan guba wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani da suke zama a cikin soson na'urar tace ruwa, kuma sai sun yi mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita. Ni yanzu sai in kunna na'urar akwati babu kifi, ina jefa ɗan tsunkulin abinci duk bayan kwana biyu, har wata guda. Idan abokina yana da tsohon akwati mai lafiya, nakan roƙi guntun sosonsa in saka, aikin ya yi sauri. Daga nan kifi uku kawai nake sakawa, bayan mako biyu in ƙara uku. Wasu suna ganin na cika jan jiki, amma tun da na kama wannan hanya ban sake kwasar gawa da safe ba. Kuma don Allah a daina wanke soson nan da ruwan famfo, kulorin, sinadarin da ake sa wa ruwan famfo, yana kashe bakteriyar. A ruwan da ka ɗebo daga akwatin za ka matse shi.

Sauran kurakuran ba sa buƙatar dogon bayani. Fileko, baƙin nan mai manne wa gilashi da ake cewa yana share gansakuka, yana wuce santimita 30, kuma dattin da yake yi ya fi wanda yake sharewa. Oska, wani babban kifin ado, yana da farin jini, amma duk kifin da ya shiga bakinsa abinci ne. Na ga wanda ya jefa ɗan tarwada cikin kifayen ado, mako bai cika ba ya cinye su. Mazan beta, wani ƙaramin kifi mai son faɗa, biyu ba sa zama wuri ɗaya. Ƙananan tetira masu zanen shuɗi kuma a garke suke rayuwa, kada ka sayi ƙasa da shida.

Abin da nake ba mai farawa shawara a akwati mai lita 50 shi ne gufi ko filati. Ƙanana ne, suna jure ɗumi fiye da golfish, ba su da tsirfar abinci. Sai dai haihuwa suke yi kai tsaye, ba ƙwai ba, kusan duk wata, don haka ni maza zalla nake ajiyewa. Idan kana son 'ya'ya, ka haɗa namiji ɗaya da mata biyu ko uku, kuma ka san wanda za ka bai wa rarar. Mai akwatin lita 20 ya sayi beta namiji guda ɗaya tak. Ɗan Tailan ne, yana iya shaƙar iska daga saman ruwa, don haka ɗauke wuta ba ya galabaitar da shi kamar saura. Abin da ba ya so shi ne sanyin hunturu. In lokacin ya zo nakan matsar da akwatinsa nesa da taga, in lulluɓe shi da tsohon bargo da dare. Sauran kifayen kuwa na tanadar musu ƙaramin injin iska mai batir, yana nan a ajiye kusa da akwati.

A shago ka tsaya minti biyar kana kallo kafin ka ciro kuɗi. Idan ka ga kifi da fararen ɗigo kamar an barbaɗa masa gishiri, ko mushe ɗaya a ƙasa, kada ka sayi ko guda daga wannan akwatin. In ka iso gida, ka ɗora ledar a ɗaure a kan ruwanka minti 15 zuwa 20, sannan ka kwashe kifin da 'yar raga, ruwan shagon ka zubar a waje.