Ɗinkin gida a Makka da Jidda: yadda za ki kare kuɗin hannunki

Da Sha'aban ya kama, masu shagunan abaya da mashgal (shagon ɗinkin mata) kan fara rarraba yankakken yadi gida-gida. Wannan ta haɗa jiki, waccan ta yi kalmasa, wata ta dasa duwatsu, a biya kowa da ƙidayar abin da ta gama. Rigima kan tashi ne ranar biya.

Kafin ki karɓi ƙunshi, fara duba takardarki. In da igama (takardar izinin zaman baƙo) kike zaune, sashe na 39 na dokar ƙwadagon Saudiyya ta 2005 ya hana baƙo yi wa wanda ba kafilinsa (mai ɗaukar nauyinsa) ba aiki, ya kuma hana shi sana'ar kansa. Hukuncin kan kai ga tara da tarhil, wato kora daga ƙasar. Wadda ke zaune a kan igamar miji ko uba ma ba ta da izinin aiki kai tsaye. Hanya mai lafiya ita ce mai mashgal ya ɗauke ki a hukumance, a rubuta kwantiragi a manhajar Qiwa ta ma'aikatar ƙwadago. In kuwa ke 'yar ƙasa ce, nemi takardar "amal hurr" (ta aikin zaman kai) ta intanet daga ma'aikatar ƙwadago, ko ki yi rajista cikin tsarin "usar muntija" na iyalai masu sana'a a gida. Sai dai a nan ke mai zaman kanki ce, abin da kuka rubuta da mai kaya shi ne madogararki. In ke baƙuwa ce, wanda ya ce ki buɗe shago da sunan ɗan ƙasa, ki guje shi: laifin tasattur ke nan, wato fakewa da sunan wani, ɗauri har shekara 5 da tara har riyal miliyan 5.

Ga mai kwantiragi, doka ta san aikin ƙidaya. Sashe na 90 ya ce in aikin zai wuce mako 2, a riƙa biyanki duk mako daidai abin da kika kammala, a cika ragowar cikin makon da ke bin miƙa kaya. Saboda haka "sai bayan Sallah" ba doka ba ce. In kin ɓata kaya da sakacinki, sashe na 91 ya hana a yanke miki fiye da albashin kwana 5 a wata. Kuɗin sallama kuwa, da matsakaicin abin da kika samu a shekarar ƙarshe ake lissafa shi, shi ya sa rubutu ke da muhimmanci.

Ki ƙirga kaya a gaban mai kawowa, ki buɗe su, ki duba tabo, zarewar zare da yankan da ya karkace. Baƙin yadin kirif yana ɓoye aibi a hasken ɗaki, ki kai shi bakin taga. Ɗauki hoto, ki tura ta WhatsApp tare da adadi, farashin kowace ɗaya, ranar miƙawa da ranar biya, ki jira ya amsa a rubuce. Ki nemi samfuri guda da ya amince da shi, ki ajiye a gida. In babu samfuri, duk abayar da aka dawo da ita maganarsa ce a sama.

Kada ki yanke farashi sai kin ɗinka uku kina duba agogo. Misali, in an ce riyal 15 abaya ɗaya, ta ci miki awa ɗaya da rabi, riyal 10 kike samu a awa, tun ba a cire zare, allura, wuta da guga ba. Ku yi magana kan wa zai sayi waɗannan. Dasa duwatsu a yi masa farashinsa daban, don cin lokacinsa ya fi na keke nesa ba kusa ba. Kuɗi ya bi ta banki, ko a sa hannu a littafinki.

In an hana ki haƙƙinki kina da kwantiragi, kira ma'aikatar ƙwadago a 19911 ko ki shigar da ƙorafi ta shafinta. Za a fara da sulhu na ranakun aiki 21, in ya gagara a miƙa ku kotun ƙwadago. Kada ki bari wata 12 su wuce bayan rabuwarku da mai aikin, don kotu na iya ƙin sauraren ƙarar.