Darasi na Shida: Sashiko, Ɗinkin Ado na Mutanen Japan

Sashiko kalma ce ta Japananci, ma'anarta "'yan ƙananan soke-soke". Talauci da sanyi ne suka haifi wannan ɗinki. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, manoma da masunta na arewacin Japan, kamar yankin Aomori da Yamagata, ba sa samun auduga da sauƙi, domin ba ta yi a ƙasarsu saboda sanyi. Sai mata su haɗa tsofaffin ƙyallaye biyu ko uku, su bi su da ɗinki layi-layi, riga ta yi kauri, ta yi ɗumi, ta daɗe. Da tafiya ta yi tafiya, layukan suka zama zane. Har yau an fi sanin sashiko da farin zare a kan ƙyalle mai rinin shuni.

Ɗinkin iri ɗaya ne tak: allura ta shiga, ta fito, ta yi gaba. Wanda ya taɓa yi wa riga faci ya riga ya san rabin aikin.

Kayan aiki

Ku nemi yadin auduga zalla wanda saƙarsa ba ta matse ba. Shadda da yadin roba suna gajiyar da yatsa, allura ba ta ratsa su da daɗi. Ƙyallen da aka rina da baba a marina, irin ta Ƙofar Mata a Kano, ya dace ƙwarai, amma a wanke shi sau biyu ko uku har ya daina zuba, in ba haka ba farin zare zai koma shuɗi. Wankin yana kuma sa yadi ya gama tsukewa kafin a ɗinka.

Allurar ta zama doguwa, kamar santimita 5, mai faɗin kafa. Zaren kuwa na auduga ne mai kauri, marar sheƙi, kuma ba a raba shi sili-sili. Sai alli, da rula, da almakashi. Masu wannan ɗinki a Japan suna sa wani zobe mai faffadan kai a gindin yatsan tsakiya, ta wajen tafin hannu, da shi suke tura allura. Guntuwar fata da aka ɗinke kamar zobe tana yin wannan aiki.

Aikin farko

Ku yanka ƙyalle biyu, kowanne santimita 30 tsawo, 30 faɗi. Ku ɗora ɗaya kan ɗaya, ku kama su da manyan ɗinki na wucin gadi. Ku bar santimita 3 a kowane gefe, ku ja layuka da alli a tsaye da a kwance, tazarar santimita 2. Ku yanki zare kamar santimita 50. Wanda ya fi haka yana harɗewa, yana kuma yin gashi.

Ba a ƙulli. A fara da ɗinki uku a baya-baya kan layin, sannan a juyo a bi ta kansu. Haka ake yi in zare ya ƙare.

Ɗinkin da ke sama ya ɗan fi tazarar da ke tsakani tsawo: milimita 3 a sama, 2 a ƙasa, wato ɗinki biyu a kowace santimita. Mutanen Japan suna kwatanta shi da ƙwayar shinkafa. Kada ku riƙa jan allura bayan kowane ɗinki. Ku riƙe ta wuri ɗaya, hannun hagu yana lanƙwasa ƙyalle sama da ƙasa a bakinta, har ɗinki biyar ko shida su taru, sannan ku tura. Wannan ne ke sa layi ya miƙe.

Inda ake yin kuskure

Babbar matsalar mai koyo ita ce ƙyalle ya tattare. Dalili ɗaya ne: zare ya yi tsauri. Duk lokacin da kuka ja allura, ku kama ƙyallen da babban yatsa da manuni, ku shafa shi daga farkon layi zuwa inda kuka tsaya, har ya kwanta. Kada ku tsallake wannan, ko kuna sauri, domin in an wanke ƙyalle zaren zai ƙara tsukewa.

A kusurwa, dole allura ta shiga ko ta fito daidai kan kusurwar, in ba haka ba kwanar za ta lanƙwashe kamar baka. Ku bar ɗan sako-sakon zare a baya, kamar milimita 2, kafin ku juya.

Inda layi biyu suka gamu, kada zare ya hau kan zare a fuskar ƙyalle. A bar mahaɗar fili. Wannan sai an lura tun saura ɗinki uku a isa wurin, a ɗan rage ko a ɗan ƙara tsawonsu.

Ku gama layin kewaye da farko, sannan duk na kwance, sannan na tsaye. In hannu ya faɗa, sai ku gwada zanen seigaiha mai kama da igiyar ruwa. Asanoha, mai siffar ganyen wata tsiro da suke saƙa da zarenta, ku bar shi sai daga baya, domin layuka da yawa ne ke haɗuwa a wuri ɗaya.

Aikin gida: ku ɗinka layi biyar masu santimita 10 a kan tsumma, ku ƙirga ɗinkin kowane layi, ku rubuta adadin a littafinku. Ku kawo tsumman aji mako mai zuwa.