Yadda Ake Tsara Aikin Al'umma ga Masu Karɓar Alawus ɗin Rashin Aiki

A Birtaniya da Ostireliya gwamnati kan biya wanda ya rasa aiki ɗan alawus kafin ya samu wani. Idan zaman ya yi tsawo, a Ostireliya, haka ma a Birtaniya a da, sai a tura shi wata ƙungiya ya yi abin da zai amfani jama'a: gyaran lambun shaƙatawa, tantance kayan gwanjo a shagon ƙungiyar agaji, fentin ɗakin taron unguwa. Babu albashi. Alawus ɗinsa ne ke ci gaba da shiga, in kuma ya ƙi zuwa a yanke shi. Ostireliya ta fara nata shirin, Work for the Dole, a ƙarshen shekarun 1990 zamanin Firaminista John Howard. Birtaniya ta fito da Mandatory Work Activity a 2011, na mako huɗu, har awa 30 a mako. A watan Afrilun 2014 ta ƙaro Community Work Placements, shi ma awa 30 a mako amma har mako 26, domin waɗanda suka yi shekara biyu a Work Programme, shirin taimaka wa marasa aiki su nemi aiki, ba su samu aiki ba. A Nuwamban 2015 gwamnati ta sanar cewa ba za ta sabunta ko ɗaya daga cikin biyun ba. Abin da ke biye na jami'in da ke tura mutane ne da ƙungiyar da ke karɓarsu, kuma kusan kowane mataki a ciki an koye shi ne daga wurin da abin ya lalace.

Da farko ku rubuta abin da kuke nema a layi ɗaya. Manufofi uku ne kan cakuɗe a irin wannan shiri: mutum ya samu aiki mai albashi, unguwa ta amfana, ko a rage yawan masu karɓar alawus. Ba tsari ɗaya ke kai wa ga ukun ba. A 2008 ma'aikatar ayyuka da fansho ta Birtaniya ta sa masu bincike na Jami'ar Sheffield Hallam su duba irin waɗannan shirye-shirye a Amurka da Kanada da Ostireliya. Sun tarar da cewa hujjar da ke nuna aikin dole na taimaka wa mutum samun aiki kaɗan ce, cewa yana iya cinye lokacin neman aikin, kuma ya fi rashin tasiri a inda ayyukan yi suka yi ƙaranci. A 2012 ma'aikatar da kanta ta auna Mandatory Work Activity, ba ta ga ya ƙara yawan masu samun aiki ba. Don haka in manufarku ita ce ta farko, tura mutum wuri kawai ba zai wadatar ba. Sai an gina sauran matakan duka a kanta.

Wa za a tura? Ku zauna da mutumin na aƙalla rabin awa kafin a cike kowane fom. Ku tambayi aikin da ya yi a baya, takardun da yake da su, lafiyar jikinsa, wanda yake kula da shi a gida, da abin da yake yi da ranakunsa yanzu. Wannan tambaya ta ƙarshe ita aka fi tsallakewa, kuma ita ta kai gwamnatin Birtaniya kotu. Cait Reilly ta gama digiri a fannin ilimin duwatsu, tana aikin sa-kai a wani gidan tarihi a Birmingham saboda a gidan tarihi take son yin aiki. A 2011 aka ɗauke ta daga can aka tura ta shagon Poundland ta yi mako biyu tana jera kaya da shara. Wanda ya riga ya samar wa kansa wurin koyon abin da yake so, a bar shi a wurin a lissafa masa awowinsa. Aikin al'umma ya fi amfanar wanda ya daɗe a gida har ya daina fita da safe, ba shi da wanda zai ba da shaida a kansa in mai ɗaukar aiki ya tambaya. Direban babbar mota da ya yi shekaru a kan titi ba ya buƙatar a koya masa zuwa aiki a kan lokaci. Wataƙila sabunta lasisi kawai yake jira. Mai ciwon baya ko ciwon damuwa kuwa, sai an ga takardar likita an rage masa awowi ko an canja masa irin aikin.

Sai takardar sanarwa, wadda a nan ne ya kamata ku fi ɓata lokaci. A shari'ar Reilly da wani direba mai suna Jamieson Wilson, kotun ɗaukaka ƙara ta yanke a Fabrairun 2013 cewa ƙa'idojin shirin sun saɓa doka. Majalisa ta yi gaggawar yin wata doka a watan Maris don kada a mayar wa mutane kuɗin da aka yanke musu. A Oktoban wannan shekara Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin. Kotun ba ta yarda cewa shirin aikin bauta ne ba. Abin da ta kama gwamnati da shi shi ne rashin bayyana shirye-shiryen yadda doka ta nema, da rashin sanar da mutane dalla-dalla abin da ake so su yi da abin da zai biyo baya in ba su yi ba. Saboda haka takardar ta ƙunshi sunan wurin da adireshinsa, ranar farawa da ta gamawa, awowin kowace rana, ainihin ayyukan da za a yi, sunan mai kula da shi da lambar wayar ofis, ko zuwan dole ne ko ganin dama, mako nawa za a yanke alawus in bai zo ba, da inda zai kai kuka. Kalmomi irin su "duk aikin da aka ba ka" ba su isa ba. A karanta masa baki da baki, a yarensa in ya kama, ya sa hannu ya tafi da kwafi. A ba shi aƙalla mako guda kafin ranar farawa domin ya shirya wanda zai riƙe masa yara.

Zaɓen aikin yana da ma'auni ɗaya mai sauƙi: da babu wannan mutum, za a ɗauki wani a biya shi ya yi aikin? In amsar i ce, wurin bai dace ba. Ku duba ko ƙungiyar ta sallami ma'aikata ko ta rage musu awowi a watannin baya, ku kuma sa ta sa hannu cewa ba za ta yi hakan ba muddin tana karɓar mutane. Lissafin ne ke sa wannan ya zama dole. A 2014 alawus ɗin mai shekara 25 zuwa sama fam 72.40 ne a mako. In aka raba shi da awa 30, kowace awa ta tashi a kusan fam 2.41, alhali mafi ƙarancin albashi na babba ya kai fam 6.50 a awa daga Oktoban wannan shekara. Duk inda aka samu hannu mai arha haka, wani mai shara ko mai jera kaya na cikin haɗarin rasa abincinsa, sai shirin ya haifar da rashin aikin da aka ƙirƙiro shi don ya magance. Ayyukan da suka tsallake wannan ma'auni su ne waɗanda kowa ya san suna da amfani amma babu kasafin da ya taɓa ɗaukarsu: dashen itatuwa a fili da aka watsar, gyaran tsofaffin kekuna da kujeru don raba wa mabuƙata, taimaka wa tsofaffi amfani da kwamfuta a laburare.

Ku kuma sani cewa ba kowace ƙungiya za ta yarda ba. A 2014 ɗaruruwan ƙungiyoyin agaji a Birtaniya, ciki har da Oxfam, sun sa hannu a wata sanarwa cewa aikin sa-kai ya zauna a matsayin ganin dama. Hujjarsu mai ƙarfi ce: ƙungiyar da aka kafa don ta yaƙi talauci ba za ta so rahotonta ya zama sanadin yanke wa wani kuɗin abinci ba. Kada a ɓoye wa mai karɓa cewa zuwan dole ne, domin ranar da ya gano zai janye a tsakiyar aiki.

Awa 30 a mako har wata shida ya yi yawa, musamman da yake a tsarin 2014 akwai ƙarin awa huɗu zuwa goma na neman aiki a ƙarƙashin kulawa. Kwana biyu ko uku a mako na tsawon mako takwas zuwa goma sha biyu ya isa mutum ya koyi abu, ya samu mai shaidarsa, ya kuma bar masa ranakun cike takardu da zuwa ganawa. A rubuta a fili cewa ranar da aka kira shi ganawar ɗaukar aiki zai tafi ba tare da an lissafa masa fashi ba.

Kuɗin mota a ba shi kafin ya fara, ba sai ya kawo rasit a ƙarshen wata ba. Wanda ke rayuwa da alawus ba shi da rarar da zai ranta wa shiri, kuma fashin makon farko yawanci daga nan yake tasowa. Haka kuɗin renon yara. Ostireliya na ƙara wa mai Work for the Dole dala 20.80 duk mako biyu, abin da kuɗin bas na 'yan kwanaki kan cinye. Safar hannu, takalmin aiki, riga mai ƙyalli da hular kwano duk a wuyan shirin suke.

Maganar kariya ba ta wasa ba ce. A Afrilun 2016 wani matashi ɗan shekara 18 ya rasu a filin baje koli na Toowoomba a jihar Queensland, bayan ya faɗo daga tirelar da tarakta ke ja yana cikin aikin Work for the Dole. Wanda aka tura dole yakan ji tsoron cewa "ba zan hau ba", domin yana ganin alawus ɗinsa zai tafi. Kafin mutum na farko ya iso, jami'i ya je wurin da ƙafarsa, ya rubuta kowane haɗari: injina, tsani, sinadarai, ababen hawa, ɗaukar kaya masu nauyi. A tabbatar inshorar ƙungiyar ta haɗa da waɗanda ba ma'aikatanta ba. Ranar farko ta tafi a nuna wuri, akwatin agajin gaggawa, da abin da aka hana taɓawa. A aikin waje mai kula ɗaya kada ya riƙe fiye da mutum takwas zuwa goma. A faɗa wa kowa, a kuma rubuta, cewa ƙin aiki mai haɗari ba laifi ba ne. Inda za a yi hulɗa da yara ko tsofaffi, a gama binciken tarihin laifi tukuna.

Rajistar zuwa aiki ta kasance takarda ɗaya da mutumin da mai kula za su sa wa hannu kullum, ya riƙe kwafinsa. In bai zo ba, a kira shi a ranar, a ji dalili kafin a aika rahoto ko'ina. Lokacin da ake yin Mandatory Work Activity, fashin farko kan jawo yanke alawus na mako 13, wato sama da fam 940 ga babba a farashin 2014. A Community Work Placements mako huɗu ne da farko. A wancan lokaci kuɗin jinƙai da ake ba wanda aka yanke wa kashi 60 cikin 100 ne na alawus, kuma mafi yawa sai sun jira mako biyu. Masu bincike a Jami'ar Oxford sun gano cewa inda yanke alawus ya ƙaru, masu zuwa karɓar abincin sadaka su ma sun ƙaru. Mai yunwa da bashin haya ba ya iya neman aiki. Tsari mafi adalci shi ne gargaɗi a rubuce da farko, sai zama da mutumin, sannan wani jami'i dabam wanda ba shi ya tura shi ba ya yanke hukunci.

Yadda ake biyan ɗan kwangila shi ke juya komai. A 2014 a Birtaniya kamfanoni irin su G4S da Seetec ne suka riƙe kwangilar samo wurare. In ana biyan kamfani a kan kowane kai da ya fara, zai cusa mutane duk inda ƙofa ta buɗe. In ana biyansa a kan wanda ya kammala makonni, ba shi da dalilin murna in mutum ya samu aiki a mako na biyar. Kaso mafi tsoka ya rataya a kan wanda ya samu aiki mai albashi ya kuma yi wata shida a ciki.

Mako biyu kafin ƙarshe, mai kula ya rubuta takardar shaida da ke faɗin ayyukan da mutumin ya iya, da lambar da mai ɗaukar aiki zai kira. In akwai takardar ƙwarewa mai sauƙin samu, kamar ta agajin gaggawa ko tsabtar abinci, a biya masa ya yi jarrabawar. Sannan a bi sawunsa bayan wata uku da wata shida, a kwatanta da irinsa da ba a tura ba, domin wasu da ma za su samu aiki ko da shiri ko babu.

Inda kuɗi ya samu, akwai hanyar da ta fi wannan duka. Future Jobs Fund da Birtaniya ta yi daga 2009 zuwa 2011 ya ba matasa aikin wata shida na aƙalla awa 25 a mako da mafi ƙarancin albashi, gwamnati na biyan har fam 6,500 kan kowane gurbi. Binciken ma'aikatar ayyuka da fansho na 2012 ya nuna waɗanda suka shiga sun fi takwarorinsu kasancewa cikin aiki bayan shekara biyu. Najeriya ba ta da alawus ɗin rashin aiki irin na Birtaniya, don haka shirinta na ɗaukar mutum 774,000 a 2021, dubu ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma a kan naira 20,000 a wata har wata uku, ya fi kusa da Future Jobs Fund. Matsalolinsa sun taso ne daga rigimar wa zai zaɓi sunaye da kuma jinkirin biya, kuma dukansu biyu ana toshe su tun kafin a fara: a liƙa jerin sunaye a fili mutanen unguwa su gani, a kuma tantance asusun bankin kowa kafin ranar farko ta aiki.