Daga Legas Zuwa Filin Gishirin Uyuni: Kurakuran da Ke Ɓata Tafiya

Wanda ya taso yana jin labarin gishirin Bilma da raƙuman da ke kawo kantu zai ɗauka ya san filin gishiri. Sai ranar da ya tsaya a Uyuni, kudu maso yammacin ƙasar Bolibiya da ke Kudancin Amurka, inda gishiri ya shimfiɗe fiye da murabba'in kilomita 10,000, kusan jihar Legas uku a haɗe. Tun da hotunan wurin suka fara yawo a waya, samarinmu na Agege da Idi-Araba ke tare ni da tambayar kuɗin jirgi. Ni kuwa nakan ce musu su fara tambayar jikinsu.

Gaggawa ce ta fi kayar da mutane. Mutumin Legas a bakin teku yake kwana yake tashi, filin Uyuni kuwa yana kan tudun mita 3,656. Chappal Waddi na Taraba, wanda babu dutsen da ya kai shi tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne kacal. A can sama iska ba ta da kauri: iskar oksijin da numfashi ɗaya ke kai wa huhu ba ta wuce kashi biyu cikin uku na wadda ka saba samu a Obalende ba. Amma sai mutum ya yanki tikiti kai tsaye zuwa La Paz, ya sauka a filin jirgin El Alto da ya haura mita 4,000, a daren nan kuma ya hau bas zuwa Uyuni wai kada ya yi asarar kwana. Washegari kai kamar ana sara da gatari, ga tashin zuciya, ga barci ya ƙaurace. Gyaran shi ne a hau a hankali. A shiga ƙasar ta Santa Cruz, wadda ke ƙasa-ƙasa kuma zafinta irin namu ne, a wuce Sucre mai tsayin kusan mita 2,800 a yi kwana biyu ko uku, sannan a ƙarasa. A yawaita shan ruwa, a rage cin abinci mai nauyi da daddare. Akwai ƙwayar asetazolamid da ke taimaka wa jiki ya saba, amma likita ne zai rubuta ta kafin ka bar gida. In kuwa aka ga mutum yana tangaɗi, ko magana ta fara ruɗe masa, ko yana haki alhali a zaune yake, babu sauran jira. A sauko da shi ƙasa, ko da tsakar dare ne.

Akwai abin da ya shafe mu fiye da Turawan da ke rubuta jagorar tafiya, wato sikila. Ƙarancin iska na iya tayar da ciwon ga mai SS, har mai AS da bai taɓa jin komai ba saifarsa na iya samun matsala a irin wannan tudu. Gwajin da ake yi kafin aure, a nemo takardarsa a nuna wa likita kafin a biya ko kwabo.

Sai sanyi. Mu da hunturun Jos ke sa mu rawar ɗari, a Uyuni daren Yuni da Yuli yakan sauka ƙasa da sifili da digiri 10 ko fiye, kuma yawancin masaukin hanya ba su da abin ɗumama ɗaki. Suwaita ɗaya ba za ta yi ba. Ka leƙa gwanjon Katangowa ka zaɓo jaket mai kauri, safar hannu, hular sanyi da dogon wando na ciki. Da rana kuma labari ya juya: hasken da farin gishiri ke maidowa yana ƙona ido, don haka baƙin tabarau dole ne, da man kariya daga rana. Masu cewa baƙar fata ba ta ƙonewa, leɓensu ne zai fara ƙaryata su.

Wasu kuma sukan je a Agusta suna neman hoton nan da sama da ƙasa suka haɗe kamar madubi. Wannan sai da damina, galibi Janairu zuwa Maris, lokacin da ruwa ya kwanta a kan gishirin. Sai dai a lokacin mota ba ta cika isa tsibirin Incahuasi mai dogayen ƙyarana ba. Da rani, daga Mayu zuwa Nuwamba, ƙasa busasshiya ce mai zanen kusurwa shida, ana ratsa ta ko'ina. Zaɓi ɗaya za ka yi.

Kada araha ta ja ka wajen zaɓen mota. Yawon kwana uku yakan kai har tafkin Laguna Colorada da wuraren da suka doshi mita 5,000, inda babu sabis, babu asibiti. Kafin ka biya, ka tambaya ko akwai tukunyar iskar numfashi da tayar safaya, kuma mutum nawa za a ɗauka. Shida ne ƙa'idar Land Cruiser. In ka ji warin giya a bakin direba, kada kunya ta hana ka magana. Direbobin Sifaniyanci suke ji, saboda haka ka haddace kalmar cerdo, wato alade, ka kuma faɗa tun farko cewa ƙwai da dankali da shinkafa sun ishe ka. Ka riƙe tsabar kuɗin ƙasar, boliviano, don kati ba ya aiki a daji. Biza da katin rigakafin shawara kuwa, tun a gida ake gama da su.

Ruwan alwala a nan wani lokaci ƙanƙara ne. Malamanmu na Malikiyya sun halatta taimama da gishiri matuƙar yana wurin da Allah ya halicce shi, ba a ɗebe shi ba, ga shi kuwa iya ganinka. Alƙibla tana gabas da ɗan karkata arewa, kuma agogonsu na bayan namu da awa 5.

Ganyen koka halal ne a dokarsu, ana tauna shi kamar yadda muke cin goro, ana kuma dafa shayinsa ga baƙon da tudu ya buga. Wannan ya sa wasu ke jefa ƙulli ɗaya a jaka a matsayin tsaraba. Daga ganyen nan ake fitar da hodar iblis, kuma jami'an NDLEA da ke filin jirgin Murtala Muhammed ba za su saurari bayanin shayi ba. In tsaraba kake so, a ƙauyen Colchani da ke bakin filin ana sayar da gishiri a leda da 'yan kofunan da aka sassaƙa da shi.