Ƙananan diski biyu cikin ordinatar gida: a haɗe su ko a bar kowane da aikinshi?

Wani ƙanena nan Tahoua ya kawo min ordinatar tebur da ya saya okaziyo, diski guda ne cikinta na jiga 160, kuma ya ciro wani na jiga 250 daga tsohuwar mashin da ta mutu. Ya ce "Yaya don Allah haɗe min su su zama guda, na gaji da jan layin nan da ke fitowa ga C." C shi ne wurin da Windows ke zaune cikin diski, jan layin kuma alama ce ya kusa cika. Na ce mishi ana iyawa, amma zauna ka ji mi ke biyo baya.

In ka danna maɓallin Windows tare da R ka rubuta diskmgmt.msc, wurin da ake kira Gestion des disques zai buɗe, nan ne ake haɗawa kuma nan ake yankawa. Haɗin iri biyu ne. Akwai "volume fractionné" wanda ke jera su kamar an ɗinke buhu biyu, akwai kuma "agrégé par bandes", wato RAID 0, shi kowane fayil sai ya daddatsa shi ya watsa ga diskin biyu, yana ƙara sauri amma daidai girman ƙaramin yake ɗauka ga kowane. To ga inda matsalar take, duka biyun in diski ɗaya ya mutu wurin gaba ɗaya ya tafi, har abin da ke kan mai lafiyar ba ka buɗe shi cikin sauƙi. Kuma shi C ɗin da Windows ke zaune ba ya yarda a miƙa shi zuwa wani diski, kenan jan layin da ya dame ka yana nan.

Yanzu duba halin da muke ciki. Diskin nan tsoffi ne, ba ka san shekara nawa sunka yi suna juyawa ba, ga zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, ga ƙura, ga kuran da ke ɗaukewa ana tsakiyar aiki kuma ba kowa ke da ondilar ba, wato akwatin batir da ke riƙe mashin in kuran ya ɗauke. Wallahi ni ban yarda in ɗora hotunan suna da takardun lakkwal na yara bisa tsoffin diski biyu da anka ɗaure wuri guda ba.

Ga abin da munka yi. Na fara sa CrystalDiskInfo, kyauta ne, shi ke nuna lafiyar diski da zafinshi, shuɗi lafiya lau, rawaya a yi hattara, ja kuwa ka kwashe kayanka yau ɗin nan. Windows ya zauna kan na 160. Na 250 munka kwashe abin da ke ciki, munka yi mishi formataj da NTFS munka ba shi harafin D. Sai abin da mutane da yawa ba su sani ba, ka je kan dosiyen Téléchargements ka danna hannun dama na linzami, Propriétés, Emplacement, Déplacer, ka nuna mishi D. Yi haka ga Documents da Images da Vidéos. Daga ranar duk abin da ka sauko da shi can zai faɗa da kanshi, C ya samu ya numfasa. In ɗaya ya fi ɗaya lafiya to mai lafiyar za ka ba kayanka, Windows ko yaushe ana sake sa shi.

Wanda ke da diski guda fa? In na jiga 500 ne, za ka ga 465 kawai, ba wanda ya cuce ka, masu ƙera shi da 1000 suke lissafi, Windows kuma da 1024. Yanka shi biyu ya isa, C wajen jiga 120, sauran D. Ka danna dama kan C ka zaɓi Réduire le volume, ka lura da Mo, wato mega, yake tambaya ba jiga ba, sannan wurin da ya fito babu komi ka yi mishi Nouveau volume simple. Amfaninshi ranar da virus ya shiga ko Windows ya ƙi tashi, a wanke C kaɗai D na nan, amma ka buɗe baki ka gaya ma mai gyara kar ya taɓa D.

Na jiga 160 ko SSD (sabon samfurin diski da ba ya juyawa) na 128 kuwa kar ka yanka sam. Windows 11 kaɗai jiga 64 yake nema kafin a sa shi, ga mizajur, wato sabuntawar da Windows ke saukowa da ita, da ke ta taruwa, in ka yi gunduwa uku ko huɗu sai kowace ta cika ka koma kana jigilar fayil.

Abu guda da na nanata ma ƙanen nawa kafin ya ɗauki mashin ɗinshi, C da D da anka yanka daga diski guda tare suke mutuwa. Shi da yake nashi biyu ne daban, na buɗe mishi dosiye ga C inda zai riƙa kwafe takardun da ba ya son rasawa kowace Juma'a, hotunan iyali kuma su samu kwafi cikin kile USB da za a aje cikin akwati nesa da rana.