Jirgin ruwa ba ya jiran kowa: kurakuran da sababbin matafiya ke ta maimaitawa

Na gaji da jin labari iri ɗaya. Mutum ya shekara yana tara kuɗin hutu a jirgin ruwan shaƙatawa, irin wanda ke bin gaɓar teku yana yada zango gari-gari, sai ya ɓata tafiyar tun bai taka jirgin ba. Kusan kullum silar ɗaya ce: ya raina birnin da jirgin zai taso, ya ɗauke shi wurin sauka a hau kawai.

Bari in fara da wanda ya taɓa ƙona ni, wato isa birnin a ranar da jirgin zai tashi. Tafiyata ta farko daga Barsalona ta ƙasar Sifen ce, zagayen Bahar Rum na kwana bakwai. Na yi lissafi: jirgin sama zai sauka da hantsi, na ruwa sai yamma, to me zai sa in biya kuɗin otal? Jirgin sama na farko ya yi latti, wanda zan canza ya tafi ya bar ni, sai na gaba aka sa ni. Ko da na isa tashar, jirgin ruwan yana nan tsaye, ina ganin mutane a samansa suna ɗaukar hoto, amma an rufe karɓar fasinja. A ranar na san cewa lokacin tashi daban, lokacin rufe ƙofa daban, kuma tsakaninsu yakan kai awa ɗaya ko fiye. Na yi roƙo har muryata ta dushe. Ƙarshenta na kwana a otal ɗin da na guje wa biya, na nemi izinin kamfanin in hau a zango na gaba, na bi jirgin ƙasa zuwa can, wato Marseille ta ƙasar Faransa. Ba wanda ya mayar mini da ko sisi, domin ni na sayi tikitin jirgin sama da kaina, ba ta hannunsu ba.

Tun daga nan kwana biyu nake yi a birnin kafin ranar tashi. Da yawa za su ce ɗaya ya isa, ban musa musu ba, amma ni biyu nake yi: na farko don latti da akwatin da ya ɓata a hanya, na biyu don garin kansa.

Sannan ka duba ainihin inda tashar take. Idan takardar talla ta ce Roma, Civitavecchia ake nufi, kimanin kilomita 80 daga birnin. Idan ta ce Landan, yawanci Southampton ce, fiye da kilomita 100. Venice kuwa, tun watan Agusta na 2021 aka hana manyan jirage ratsa tsakiyarta, har wasu sun koma tashi daga Ravenna ko Trieste. Sunan tashar da ke kan tikitinka shi ne abin dubawa.

Yawon garin ma akwai nasa kuskuren. Wasu sukan bar komai sai safiyar ranar tashi, ka gan su suna jan akwati a cikin cunkoso, ido ɗaya kan gini, ɗaya kan agogo. Wannan ba yawon buɗe ido ba ne, wahala ce. Ka gama wuraren nesa ana gobe tafiya. Majami'ar Sagrada Familia ta Barsalona, wadda aka fara ginawa tun 1882, da tikiti mai ƙayyadadden lokaci ake shigarta, don haka ka saya ta intanet tun kana gida. Gidajen tarihin Batikan, fadar Paparoma da ke Roma, a rufe suke yawancin ranakun Lahadi, kuma jirage da dama a ƙarshen mako suke tashi. Ni wuri biyu nake zaɓa a rana, sauran lokacin in taka da ƙafa.

Yanzu ga wanda yake ɓata mini rai ƙwarai: biza. Haba jama'a! Ka karɓi bizar Shengen, wato ta rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza guda, ta shiga sau ɗaya, alhali jirginka zai fita daga Girka ya tsaya a Turkiyya, wadda ba ta cikin yankin, ya komo Italiya. Da ya fita yankin, bizarka ta gama aiki, da me za ka sake shiga? Ma'aikatan tasha sun san haka, shi ya sa tun ranar farko suke hana mutum hawa, kuma cewa "ai ba zan sauka a can ba" ba lallai ta cece ka ba. Na ga iyali guda, da yara da akwatuna, an juya su a gabana, uwar tana hawaye. Ka ɗauki jerin zangon ɗaya bayan ɗaya, ka tambayi abin da kowace ƙasa ke buƙata daga mai irin fasfonka, ka nemi bizar shiga sau da yawa. Fasfon ma ya zama yana da sauran wata shida bayan ranar dawowa.

Wasu kuma sukan yi wasa da atisayen ceto da ake yi kafin tashi, suna ganin ɓata lokaci ne. Lokacin da jirgin shaƙatawa na Costa Concordia ya daki dutse kusa da tsibirin Giglio na Italiya a watan Janairun 2012, mutum 32 suka rasu, kuma waɗanda suka hau a Civitavecchia a ranar ba a kai ga yi musu atisayen ba. Bayan haka ne aka tsaurara dokar. Ka je, ka san wurin taruwarka idan hatsari ya faru, ka koyi ɗaura rigar ceto.

Sauran ƙanana ne. Magani, fasfo da kaya kala ɗaya su zauna a jakar hannu, domin babban akwati sai yamma yake isa ɗaki. Ka kashe datar waya da zarar an bar gaɓa, layin teku ta tauraron ɗan adam yake bi, kuɗinsa na tashin hankali ne. Mai saurin jiri ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, hawa na ƙasa. A kowane zango ka bi agogon jirgi, ba na wayarka da ke sauya kansa ba. Ni awa ɗaya kafin lokacin da aka sa nake komawa. Ka duba ko an haɗa kuɗin hidimar ma'aikata cikin tikiti, kada ya zo maka ba zata a ƙarshe.

Ranar dawowa ma kada ka sayi tikitin jirgin sama na safe. Ko jirgin ruwa ya iso da asuba, sai hukuma ta ba da izini ake fara sauka, kuma rukuni-rukuni ake fitar da dubban mutane. Ni ba na karɓar jirgin da zai tashi kafin ƙarfe ɗaya na rana, kuma in hali ya yi nakan ƙara kwana guda, in ga wuraren da ban samu zuwa ba a farko.